Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin inshorar da ke riƙe da jami'armu

Ranka ya daɗe Manaja,

Na kawo maganar nan bainar jama'a ne saboda duk imel ɗin da muka tura muku amsa ɗaya ce take dawowa, wai ana kan dubawa, sai kuma ga takardarku ta ƙarshe wadda wallahi ta ƙona mana rai gaba ɗaya a sashenmu.

Firizar ɗakin gwaje-gwajenmu ce ta mutu a ƙarshen mako, irin wadda take riƙe sanyi a digiri 80 ƙasa da sifili, ƙararrawarta kuma ba ta yi ƙara ba, kafin Litinin duk samfurin jini da ke ciki ya narke ya lalace. Mun cike fom, mun haɗa da rahoton injiniya da hotuna, wakilinku ya zo ya gani da idonsa. Sai kuka ce za ku biya kuɗin gyaran injin firizar amma samfuran babu ko sisi, wai ba su da farashi a kasuwa. Haba! To dama waye ya ce muku sayarwa muke yi? Jinin mutane ne da suka yarda suka sa hannu aka ɗiba ana bin lafiyarsu shekara bayan shekara, wasu ma sun rasu, ta ina za a koma a sake ɗiba. Firiza kuwa gobe ma sai a sayi wata.

Kuma kada ku ce abu ne da ba a saba gani ba, ku da aikinku kenan lissafin haɗari. A 2012 firiza ta lalace a ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ta Harvard da ke asibitin McLean a Amurka, can ma ƙararrawa ba ta tashi ba, aka yi asarar ƙwaƙwalen da ake binciken cutar otizim da su, wato lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane tun yarinta. A shekarar dai guguwar Sandy ta cika ƙasan ginin binciken jami'ar New York da ruwa, dubban ɓerayen gwaji suka mutu. A Disambar 2023 cibiyar binciken likitanci ta Karolinska da ke Suwidin ta rasa samfuran da aka yi shekaru ana tarawa lokacin hutun Kirsimeti. Duk wanda ke sayar wa jami'a inshora ya san wannan ce asarar da mai bincike ya fi tsoro, amma ita ce kuka cire a can cikin ƙananan rubutu na shafukan ƙarshe, kuma ranar da wakilinku ya zo tallata mana tsarin cewa ya yi ya rufe aikin bincike da kayansa, bai taɓa ambata wannan togaciyar ba.

Abin da ya fi damuna ɗalibai biyu ne masu karatun digiri na uku da aikinsu ya dogara kacokan da samfuran nan, tallafinsu yana da wa'adi, masu ba da kuɗin kuma ba ruwansu da firiza, sakamako suke jira. Da muka tambaya ko za a biya kuɗin sake tattara abin da zai yiwu, sinadarai da tafiye-tafiye da albashin masu taimakawa, sai kuka ce wannan asara ce da ta biyo baya, ba ta cikin yarjejeniya. Nan ne ma muka gano cewa a wurinku ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, ke nan duk fitar da suke yi aikin fili suna ɗaukar samfur ba ku san da zamansu ba in wani abu ya same su. Kuɗin inshora kuwa duk shekara jami'a tana biya ba fashi.

Don haka ina roƙonku ku sake buɗe fayil ɗin nan, ku kawo wanda ya san aikin ɗakin gwaje-gwaje ya ƙiyasta kuɗin sake aikin, sannan ku rubuto mana ƙarara, da harshen da kowa zai gane, me kuka rufe me ba ku rufe ba game da samfura da ɗalibai da masu sa kai. In ba mu ji daga gare ku ba kafin lokacin sabunta yarjejeniya, ni da abokan aikina za mu kai takardun gaban hukumar jami'a da hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora.

Naku,
Wani malami mai bincike