Zuwa ga Yaya, daga Agege

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya Inna da ciwon ƙafar nan, ya yara, ya aka ji da damina. Ni lafiya lau alhamdulillahi, sai dai gajiyar Ikko da ba ta ƙarewa.

Saƙonka ya iso ni kan maganar Auta, wai ya matsa lamba sai ya biyo ni in an gama girbi. Yaya don Allah ka riƙe shi tukuna. Ikkon da yake ji a bakin 'yan ci-rani in sun dawo Maraɗi da sabuwar shadda ba ita ba ce ta yanzu, wallahi garin ya canja mana fuska.

Ka san a da kabu-kabu nake yi, nan okada suke ce masa. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamna Sanwo-Olu ya hana shi a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba aka ƙara wasu 4, kuma babur ɗin da aka kama ba tara ake ci ba, inji ake sa wa ya murƙushe shi. Nawa haka ya tafi, ko gama biyan mai shi ban yi ba. Na san akwai yara masu ganganci a cikinmu, akwai ma ɓata-gari, ban musa ba, amma mutane ba don sha'awa suke hawa babur ba, hanyoyin cikin unguwa ne duk ramuka, mota ba ta shiga, ga gosulo tun asuba. An yi gadar sama a Pen Cinema, jirgin ƙasa ma yana tsayawa nan Agege yanzu, abu ya yi kyau, sai dai lungun da nake kwana ko tifa ɗaya ta ƙasa ba a taɓa zuba masa ba.

Yanzu ga-ruwa nake yi. Kura ɗaya jarka 10, kowace lita 25, ka lissafa nauyin. Famfon layinmu tun zuwana ban ga ya ɗiga ba, kan sa ma ya yi tsatsa yara na rataya bokiti a jiki, to kowa sai mu, mu kuma sai mai burtsatse, shi kuma sai janareto don wuta sai ta ga dama take zuwa, kuma tun da Tinubu ya cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta taɓa 1,000, mai burtsatse ya ƙara mana, mu ma muka ƙara, sai aka ce abokai, wato mu Hausawa kamar yadda suke kiranmu a nan, su ne suka haɗa baki suna tsuga wa mutane kuɗi.

Abin da ya fi tsaya min a rai lokacin kwalarar Yuni 2024 ne. Akwai wata dattijuwa Bayerabiya da na shekara biyu ina kai wa ruwa har bene hawa na biyu, wani sa'in ta zuba min shinkafa, ranar ina zuwa ta tare ƙofa ta ce kada in ƙara taka mata gida, ruwanmu ne ke kashe mutane. Kwatar da ke ƙofar gidan ta toshe da leda da robobi, baƙi ƙirin, in an yi ruwan sama har cikin zaure take shigowa, a ciki nake tsoma ƙafa kullum ina tura kura, amma ni aka gani. Ban ce mata komai ba, na sauko da jarkokina. Tsoro ne ya sa ta na sani, jikanta ƙarami ne, amma na daɗe ban ji abu ya sosa min zuciya haka ba.

Sai kuma maganar takarda. Da ba mai raba mu da Bakatsine ko Basakkwace, duk aboki ne. Tun juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar da aka rufe boda, sannan Nijar ta fice daga Sedeyawo, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), a Janairun 2025, in aka tare ka aka ji ɗan Nijar ne sai magana ta canja. An ce katinmu na shaida yana aiki har yanzu, amma wanda ya tare ka da dare ba wannan yake son ji ba. Ina yawan tuna labarin da Kawu ke ba mu na 1983, zamanin Shagari, da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, ya baro keken ɗinkinsa a nan. Da ina jin sa kamar tatsuniya, yanzu kuɗina ba ya kwana a ɗaki.

Ribar ma ta tafi, jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, abin da na aiko wancan watan shi ne iyakar ƙoƙarina, kada Inna ta ga kamar na manta da ita. A saya mata maganin ƙafar tukuna, sauran a ƙara a taki. Auta kuma ya kama lambun nan na bakin gulbi wannan ranin, in Allah ya kai mu azumi zan zo mu zauna da shi. Ka gaida Inna sosai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.