Ina ungulayen kwatarmu suka tafi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jama'a da hukumomi game da ungulu, tsuntsuwar da kowa ke ƙyama, wadda kuma ɓacewarta ke neman taɓa lafiyarmu ba tare da mun farga ba.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa zai tuna cewa ba a zuwa kwata da hantsi ba tare da an tarar da ungulaye jere a kan katanga da rufin rumfunan mahauta suna jiran a watsar da abin da ba a so ba. Idan jaki ya mutu aka ja shi bayan gari, kafin la'asar sai ƙashi. A watan jiya na je kwatar garinmu na daɗe ina duba sama da kan bishiyoyi, ban ga ko ɗaya ba. Abin da na tarar shi ne karnuka marasa iyayen gida suna jan hanji a cikin magudanar ruwa, ga ƙudaje, ga ɗoyi.

Magabata sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma binciken masana ya nuna amfanin jewar tata. Allah Ya halicci cikinta da ruwan narkar da abinci mai tsananin ƙarfi, wanda ke kashe ƙwayoyin cututtuka masu haɗari, har da na cutar saifa da ke kama dabbobi ta kuma kama mutane. Kare da ɓera kuwa, idan suka ci mushe, suna dawowa cikin gari su cuɗanya da 'ya'yanmu. Ba mu manta ba cewa a watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar saifa a wata gonar dabbobi da ke yankin Suleja a Jihar Neja.

Abin da ya faru a Indiya ya isa ya tsoratar da mu. A shekarun 1990 makiyaya a can suka fara yi wa shanunsu allurar dikulofenak, maganin ciwon jiki mai arha, ba su san cewa duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar ƙodarta za ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki ba. Cikin shekaru kaɗan wasu nau'o'in ungulu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili da bakin koguna, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Sai a 2006 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da maganin ga dabbobi, bayan aikin gama ya gama. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar kimanin mutum rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Waɗannan mutane ba su taɓa tsammanin rayuwarsu na da alaƙa da tsuntsuwar da suke kora da dutse ba.

A nan Afirka hanyar ta bambanta, amma inda aka dosa ɗaya ne. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun da muka saba gani a kwata cikin halittun da ke gab da ƙarewa. A 2020 an tsinci gawar fiye da guda 2,000 a Gini Bisau, an ba su guba, an kuma sare kawunan wasu. Mu ma a nan, kowa ya san cewa ana sayar da kai da ƙafa da gashin ungulu a rumfunan 'yan magori, bokaye na umartar masu neman sa'a ko waraka su kawo su, mafarauta kuma na barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan nama su kashe garke guda a wuni ɗaya. A lokaci guda masu gawayi da masu katako na sare manyan bishiyoyi irin su rimi da ɗorawa da tsamiya, inda take sheƙa. Ko ta so komawa gidanta na tsamiya, gidan babu shi. Ita kuwa ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, don haka ɓarnar wuni guda sai an shekara da shekaru ba a mayar da ita ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cewa mai shan maganin da aka haɗa da sassan ungulun da guba ta kashe, gubar yake sha da kuɗinsa.

Saboda haka nake kira ga malamanmu su ɗauko wannan batu a huɗuba da wa'azi, domin aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Ina kira ga sarakunan pawa su hana kama ungulu a kwata, ga shugabannin masu maganin gargajiya su hana mambobinsu cinikin sassanta, ga hakimai da dagatai su kare manyan bishiyoyin da suka rage. Likitocin dabbobi kuma su bar dikulofenak su karkata ga meloksikam, wani maganin ciwon jiki wanda aka tabbatar ba ya cutar da ungulu. Najeriya na da dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma tsaurara hukuncinta a 2016. Ina roƙon ma'aikatun muhalli na jihohinmu su tura jami'ansu kasuwanni su ga abin da aka baje a kan tabarma.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Funtuwa, Jihar Katsina