Dokar kare kai ta ɗora wa ɗan sanda aikin alƙali

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan muhawarar da 'yan siyasar Amurka ke yi game da dokar kare kai. Akwai ɓangaren da nake ganin an tsallake, wato halin da ɗan sanda ke shiga idan ya isa inda aka yi kisa.

A 2005 jihar Florida ta cire wa mutum wajibcin ja da baya kafin ya yi amfani da makami don kare ransa. Dokar ta kuma hana a kama shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili cewa ya wuce gona da iri. To ɗan sandan da ya tarar da gawa kwance, bindiga a hannun wani, wanda zai ba da ɗaya labarin kuma ya riga ya cika, da me zai auna? Haka ta faru a garin Sanford na jihar Florida a Fabrairun 2012. George Zimmerman ya harbe Trayvon Martin, ɗan shekara 17, ya ce kare kansa ya yi, aka yi masa tambayoyi aka sake shi, sai a Afrilu aka tuhume shi. Jama'a suka huce a kan 'yan sanda, 'yan majalisar da suka rubuta dokar kuwa suna gefe.

Ban musanta haƙƙin kowa na kare ransa ba. Shawarata ita ce a cire wannan kariya daga kamu. Duk wanda ya kashe rai a tsare shi, a karɓe makamin, a ji ta bakin shaidu, sannan ya kai iƙirarinsa na kare kai gaban alƙali cikin 'yan kwanaki.

Naku,
Wani mai karatu