Haba Malam Edita, wannan ma abin dariya ne?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki.

Ni dai shirin da kuka saka ranar Lahadi kan fim ɗin nan na hauhawar farashin da aka yi a Jamus a 1923, wanda ake nunawa a gidan tarihi na ƙasar, ya ɓata min rai matuƙa, kuma yaron nan naku mai gabatarwa shi ne ya ɓata min. Da aka zo wajen mutumin da ya turo baro cike da takardun kuɗi zai je sayen burodi sai kawai na ji shi yana ƙyaƙyata dariya, abokin hirarsa na taya shi, har suna maimaitawa. Haba jama'a! Me ya ba ku dariya a nan?

A watan Nuwamban 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak (kuɗin Jamus na lokacin) tiriliyan 4.2, burodi guda ɗaya kuma sai da ya kai mak biliyan 200. Sau biyu a rana ake biyan ma'aikata, matansu na tsaye a ƙofar masana'anta suna jira, da an miƙo sai su ruga kasuwa kafin farashi ya sake tashi. Wasu da takardun kuɗin suke hura wuta don sun fi itace araha. Kuma ba daga sama abin ya faɗo ba, Faransa da Beljiyam ne suka mamaye yankin masana'antun Jamus na Ruhr a Janairun shekarar saboda diyyar Yaƙin Duniya na Ɗaya da suke bin ta, ma'aikata suka ƙi aiki, gwamnati ta yi ta buga kuɗi tana biyansu, ga kuma bashin yaƙin da ke wuyanta tun da farko. Yaronku ko ɗaya bai ambata ba, shi dai baro.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya. Lokacin da na ajiye alli na yi lissafi garatuti na zai gina min ɗakuna biyu a filina har da rufi, sai aka yi ta min je-ka-ka-dawo, kafin kuɗin su fito siminti ya tashi, kwano ya tashi, abin da na samu ko linta bai kai ni ba, ginin yana nan tsaye awakin unguwa ke kwana a ciki. Uwargida kuwa kullum sai ta dawo daga cefane tana min lissafi a tafin hannu, kuɗin da jiya ya sayi kwanon masara yau sai an auna mata da gwangwani, adashin da ta daɗe tana zubi ranar da ta kwasa ko keken ɗinkin da take buri bai saya ba. Namu bai kai nasu ba ko kusa, na sani, amma wallahi duk wanda guminsa ya taɓa narkewa a hannunsa yana kallo ba zai yi wa mai baron nan dariya ba. Ai irina ne aka fi cuta a can, 'yan fansho da zawarawa da masu ɗan ajiya a banki. Da aka kawo sabon kuɗi Rentenmark, tsohon mak tiriliyan ɗaya shi ne sabo guda ɗaya, masu ajiya suka tashi a tutar babu, masu bashi a wuya kuma suka biya da takardar banza suka huta.

Sannan yaron naku ya kwashe kusan rabin shirin yana ta zuzuta gidajen rawa na Berlin da 'yan mata masu gajeren gashi. To a Nuwamban 1923 ɗin nan dai Hitler ya gwada juyin mulki a Munich, bai yi nasara ba aka ɗaure shi. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, marasa aiki suka kai miliyan 6 a 1932, mutanen da aka riga aka cinye musu ajiya sau ɗaya wa zai sake ce musu su yi haƙuri? Janairun 1933 shugaban ƙasa Hindenburg ya miƙa wa Hitler shugabancin gwamnati. Dan Allah ka ja wa yaron naku kunne, in zai yi shirin tarihi ya zauna ya karanta tukuna.

Af, sai kuma kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana, ya yi ƙara da yawa, mu da kunne ya fara nauyi sai mun manna rediyo a kunci kafin mu tsinci abin da ake faɗa. Ku rage shi ko ku cire gaba ɗaya.

Naka mai sauraro,
wani tsohon malami daga Zariya