Zuwa ga ɗana, kan suna ɗaya mai ɗauke da mutane da yawa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mahaifiyarka ta gaya mini an damƙa maka kula da imel na ma'aikatarku baki ɗaya: kai ke buɗe wa sabon ma'aikaci akwati, kai ke haɗa mutane rukuni-rukuni. Allah ya yi riƙo da hannunka. Tun daren da na ji labarin nake juya wani abu a raina, na ga gara in rubuto maka, don a waya ba za ka bar ni in kai ƙarshe ba.

Ka san na yi irin wannan aiki a shekarun 1990, lokacin kana goye. Kwamfuta ɗaya ce a wani ɗan ɗaki mai fanka, tana aiki da babbar manhajar nan ta tafiyar da kwamfuta mai suna Unix, kuma manhajar da ke rarraba saƙonni ita ce sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta fito a 1983. Ba mu da intanet na dare da rana. Sai dare ya raba na'urar modem take buga wa wata kwamfutar waya ta hanyar UUCP, wato tsarin musayar saƙonni tsakanin kwamfutocin Unix, ka ji tana ƙara kamar gyare, ta miƙa abin da aka tara, ta karɓo namu. Kowane minti kuɗi ne. Shi ya sa muka ɗauki fayil ɗin da ake kira aliases da muhimmanci. A cikinsa sai ka rubuta suna ɗaya, ka sa ɗigo biyu, ka jero adireshin mutane da waƙafi a tsakaninsu. Wanda ke nesa ya aiko saƙo guda zuwa sunan nan, kwafi ɗaya ya ratso layin waya, sai ya iso wurinmu kwamfuta ta raba wa mutum ashirin. Kafin irin wannan dabara ta zama ruwan dare, a 1978 wani ɗan tallan kamfanin DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa kusan mutum 400 talla a ARPANET, wato hanyar sadarwar kwamfutoci da ta haifi intanet, aka shigar da adireshin ɗaya bayan ɗaya har gurbin ya cika, ragowar suka malalo cikin jikin saƙon. To mu an hutar da mu wannan wahala.

Amma akwai wani abu da duk mai wannan aiki ya sani, ni ma na sani. Sendmail ba ta duba fayil ɗin da ka gyara kai tsaye. Wani kundi take dubawa, wanda ake ginawa daga fayil ɗin, kuma ba ya sabuntuwa sai ka buga umarnin newaliases. Kalma ɗaya ce tak.

Wata ranar Alhamis aka ce in cire wani dattijo daga rukunin kwamitin ƙarin girma, saboda a zaman da ke tafe maganarsa za a yi. Na buɗe fayil, na share sunansa, na adana. Aka kira sallar la'asar, na tashi na fita. Ban buga kalmar nan ba. Da daddare wani ɗan kwamitin ya rubuto ra'ayinsa a kan mutumin, ba sassauci, har ya taɓo rashin lafiyar da yake ɓoyewa. Ya rubuta da sakin jiki ne domin ni na tabbatar masa an cire dattijon.

Ranar Litinin dattijon ya shigo ɗakina riƙe da takardar da ya buga, ya naɗe ta gida huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ta kusa da modem ɗin, ya ce, "Malam, ina jin wannan ba tawa ba ce." Ya juya ya fita. Shi da wanda ya rubuta saƙon sun shekara goma sha suna cin abincin rana a faranti ɗaya, daga ranar gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu. Na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Har yau in na tuna yadda ya naɗe takardar nan sai cikina ya yi sanyi.

Daga nan ban ƙara amincewa da abin da idona ya gani a fayil ba. In na gyara rukuni, sai na tambayi ita sendmail ɗin da umarnin da ke warware suna ya jero duk waɗanda saƙo zai isa gare su ba tare da an aika komai ba, in bi jerin da yatsa. Sau da yawa nakan tarar da rukuni a cikin rukuni, ko wani da ya bar aiki amma ya bar ɗan fayil na .forward yana tura saƙonninsa wani waje.

Na san naku ya sauya, dannawa kawai kuke yi. Duk da haka ina roƙonka, duk rukunin da ke hannunka ka buɗe shi ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, tun a makon nan, musamman na shugabanni da na albashi. Kowane rukuni ka sa masa mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kansa. In an ce ka cire wani, kada ka ce "an cire" sai ka gwada ka gani. Kuma tunda hannunka na iya kaiwa akwatin kowa, abin da ba naka ba kada ka karanta, ko da wanda ya fi ka muƙami ne ya matsa maka ba bisa ƙa'ida ba.

Littafina na sendmail mai hoton jemage a bango yana nan cikin akwatin ƙarfe, da rubutun hannuna a gefen shafuka. In kun zo hutun sallah ka tafi da shi. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka turo hoton yaran. Ka gaida mai ɗakinka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.