Sanarwa ga masu son fara kiwon zuma

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu tambaya kan ajiye amya a bayan gida, ku fara duba maƙwabta. Ƙudan zumanmu na nan faɗa gare su, don haka gidajen cikin badalar Kano da ke manne da juna ba su dace ba. Mai fili wajen Kumbotso ko Ungogo ya fi samun sauƙi.

Amya ɗaya ta katako ta isa farko. A shafa kakin zuma a cikinta don ya jawo ƙudan zuman, a ɗora ta kan ƙafafu a inuwa, a zuba baƙin mai a gindin ƙafafun saboda tururuwa. A ajiye musu ruwa kusa, musamman da bazara. Kada a buɗe ta sai da yamma, da hayaƙi da rigar kariya. Wanda harbin zuma ke kumbura masa jiki sosai, don Allah ya haƙura.