Fankokin lantarki ba sa korar hadari

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan wani hoto da ke yawo a WhatsApp nan Kano: jerin manyan fankokin samar da lantarki a tsakiyar teku, kowace tana jan farin gajimare a bayanta kamar wutsiya. Masu turawa suna cewa wai injunan ne ke ƙera gajimare, wasu kuma su ce korar hadari suke yi, don haka kada a yarda a kafa su a Arewa. Duk maganar da ta taɓa damina dole ta tayar wa manomi hankali, shi ya sa muka ga bai dace mu yi shiru ba.

Hoton na gaske ne. An ɗauke shi a watan Fabrairun 2008 a tashar Horns Rev da ke tekun Denmark, mai fankoki 80. A ranar, iska mai sanyi ce ta biyo ta kan ruwan da ya fi ta ɗumi, ta sha laima har wuya. Da fuka-fukan suka cakuɗa ta, sai tururin ya fito fili, kamar yadda tukunyar mai shayi ke tashin farin tururi da asubar hunturu. Laimar da ke wurin tun farko ce, kuma ko ɗigon ruwan sama ba ta bayarwa.

Sunan fanka ma yana ruɗar mutane. Fankar ɗaki wuta take ci ta tura iska, ita kuwa wannan iska ce ke tura ta. Iya abin da za ta iya kwasa daga ƙarfin iskar da ta ratsa ta bai wuce kashi 59 cikin 100 ba. Tana fara juyawa idan gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, idan ya kai wajen mita 25 kuma sai ta tsayar da kanta don kada ta karye. Wato idan guguwar hadari ta yi tsanani, injin ne ke ba ta hanya.

A duba tsayi kuma. A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai fankoki 37, kowace mai kilowat 275, a kan turaku masu tsayin mita 55. Manyan na zamani kan kai mita 200 har da fiffike. Hadarin Agusta kuwa gindinsa yana wajen kilomita ɗaya daga ƙasa, kansa ya haura kilomita 12. Laimarsa daga tekun Atlantika iskar damina ke ɗauko ta, tafiyar sama da kilomita 700, sannan ya haɗu ya taso mana ta gabas. Ina fiffike zai kamo wannan?

Amma akwai tasiri na gaske, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Da dare ƙasa tana hucewa da wuri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta zauna a samanta. Fuka-fukan suna gauraya su, ɗumin ya sauko. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi bayanan tauraron ɗan'adam daga 2003 zuwa 2011 a yammacin Texas ta Amurka, ya gano ɗumin ƙasa da dare ya ƙaru har zuwa digiri 0.72 na ma'aunin Celsius a shekara goma a filayen fankokin, idan aka gwada da maƙwabtansu. Zafin da ke sama ne aka sauko da shi, kuma a kewayen tashar ya tsaya. Ga manomi, abin lura shi ne raɓa da damshin ƙasa a gonar da ke ƙarƙashinsu. Haka nan na'urar rada ta masu hasashen yanayi takan ɗauki juyawar fuka-fukan a matsayin ruwan sama, shi ya sa ake nesanta tashoshin daga gare ta.

Wani lissafin kwamfuta na 2018 ma ya nuna ruwa ƙaruwa zai yi a yankin Sahel, amma sai in an cika Sahara, fili sama da murabba'in kilomita miliyan 9, da injuna. Babu tashar da ta yi kusa da haka a duniya.

Inda ya kamata mu sa ido shi ne nan. Kafin a kafa ko turke ɗaya, a dasa ƙarfen awon iska daidai tsayin injin, ya yi aƙalla shekara guda yana awo, domin iskar hunturu daban, ta damina daban. A sa ma'aunin ruwan sama da na zafi a cikin filin da kuma wajensa, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta riƙe alƙaluman tun kafin gini, a kuma karanta wa mutanen gari da Hausa. A bar tazara kamar ninki bakwai na faɗin fuka-fukan tsakanin layi da layi, in ba haka ba na baya iskar da ta gaji za su samu. A sa kuɗin wanke ƙura da sauya matatar man giyar injin a cikin kwangila, don ƙurar hunturu tana rage wutar da injin ke bayarwa, tana kuma cinye ƙarafansa. Sannan a biya masu gonaki diyya kafin babbar mota ta shiga da fiffike na farko.

Daga wasu injiniyoyin lantarki,
Birnin Kano.